Yadda ake fara kiwon kajin ƙwai da tsare su daga muzuru, maciji da shaho

Yawancin masu sha'awar kiwon kajin ƙwai, kuɗin 'yan tsaki suke fara tambaya. Su sayo ɗari a kwali, su ajiye su a lungun zaure ko tsohon ɗakin girki, sannan a shiga neman kafinta. Wannan gaggawar ce take cinye jarin mutane da yawa. Kazar ƙwai sai ta yi wata huɗu da rabi zuwa biyar tana ci ba ta ba ka ko sisi ba, kuma duk wadda muzuru ya ɗauke a wata na huɗu, ya tafi da ita har da abincin da ta ci tun tana tsako. Saboda haka ɗaki ake fara ginawa, a toshe shi tsaf, kafin a yi zancen kaza.

Mataki na 1: Zauna ka yi lissafi da buhu

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka da buhu za mu yi lissafin, kai kuma ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu a ranar. Buhun abincin kaji kilo 25 ne. Daga ranar ƙyanƙyasa zuwa ranar da kaza za ta fara ƙwai, takan ci kilo 7 zuwa 8. Ke nan kaji 100 za su cinye maka buhu 28 zuwa 32 kafin ka ga ƙwai ɗaya. In ba ka da kuɗin waɗannan buhuna a hannu, ko wata hanya tabbatacciya ta samunsu, rage yawan kajin. Kaji 50 da suka ƙoshi sun fi 200 da ake yi wa awon abinci da gwangwani, domin kazar da ta tsumbure tana ƙarama ba za ta taɓa yin ƙwan da ake so ba.

In sun fara ƙwai, kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 za su ci kilo 11 zuwa 12, wato buhu ɗaya a kwana biyu da 'yan sa'o'i. In kiwon yana tafiya daidai, za su ba ka ƙwai 80 zuwa 90 a rana, kusan kiret uku, tunda kiret ƙwai 30 ne. To, ka kwatanta kuɗin kiret biyar zuwa shida da kuɗin buhu ɗaya a garinku. Abin da ya rage a tsakani, daga ciki za ka cire magani, wuta, ruwa, ladan yaro, da kuɗin rainon da ka kashe a baya. In ka yi wannan lissafin ka ga bai fita ba, ka huta da wahala tun kan takarda.

Ga sabon shiga, 50 zuwa 100 sun isa. Matar aure da ke son yi a cikin gida ma, 20 ko 30 ba abin rainawa ba ne.

Mataki na 2: Zaɓi wuri, ka gina ɗaki

Nemi wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya da damina, nesa da juji, masai, tarin itace da tsofaffin bulo. Duk waɗannan gidajen ɓera ne, kuma inda ɓera ya tare, maciji na nan tafe.

A ƙasarmu mai zafi, kaji biyar ake ba murabba'in mita ɗaya in a ƙasa za su zauna. Ɗaki mai mita 4 a faɗi da mita 5 a tsawo ya ishi kaji 100. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, yadda rana za ta bi ta saman rufi ba ta leƙo ciki ta gefe ba. A yi bango gajere, layin bulo biyu ko uku, daga nan har sama a sa raga don iska ta ratsa. Bangon gabas da na yamma ana iya kai su har sama. Tsayin ɗakin kada ya gaza mita biyu da rabi, in da hali ma uku, saboda kwano yana gasa kaji a watan Afrilu. Bakin rufin ya zarce bango da kusan mita ɗaya saboda feshin ruwa. Wanda ya shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon ya rage zafi ƙwarai, sai dai ya riƙa duba ta, don ɓera na son irin wannan wuri.

Daɓen siminti ba ado ba ne. Shi ne yake hana gafiya da ɓera haƙo rami su ɓullo a tsakiyar ɗaki, kuma shi ake iya wankewa a feshe in an kwashe kaji. A kansa za ka baza dusar katako ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu zuwa biyar. Kada ka sa wa 'yan tsaki garin katako mai laushi irin na bakin zarto, za su ci shi ya toshe musu ciki. Wanda injin goge katako ke fitarwa fale-fale shi ne daidai.

Mataki na 3: Toshe ɗakin kamar kai ne muzurun

Nan ne za mu daɗe, domin nan ne asarar take.

Hausawa na cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma zakaran gida ake nufi, wanda uwarsa ta koya masa shigewa ƙarƙashin rumbu da ya ga inuwar shirwa. Kazar gidan gona a inji aka ƙyanƙyashe ta, ba ta san shaho ba, ba ta iya tashi sama sosai, kuma da dare ko taɓa ta ka yi ba za ta gudu ba. Duk tsaronta yana wuyanka.

Fara da ragar. Wayar nan siririya mai ido shida-shida da ake cewa wayar kaji, aikinta hana kaza fita, ba hana dabba shiga ba. Kare yana yaga ta da haƙori, tsatsa tana cinye ta cikin damina biyu, ɓera da ƙaramin maciji kuwa ta idonta suke wucewa. Nemi raga mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ido rabin inci. In kuɗi bai kai a zagaye ɗakin duka da ita ba, sa ta a mita ɗaya na ƙasa, daga kan bulo zuwa sama, sauran ka cike da mai araha amma ka ninka ta biyu. Kada kafinta ya buga ta da ƙusa tsirara. A ɗora siririn katako a kan bakin ragar sannan a buga, in ba haka ba dabba za ta ja ta ta zame daga ƙusar.

Sai ƙofa. Mafi yawan ɓarnar dare ta ƙasan ƙofa take shigowa. Yi mata dokin ƙofa na siminti yadda in an rufe za ta zauna a jikinsa ɗam. Gwajin mai sauƙi ne: in babban yatsanka ya shige tsakanin ƙofa da daɓe, ɓera zai shige, maciji ma haka. In ƙofar katako ce, lulluɓe ƙasanta da falle ɗaya na kwano don kada a gwaigwaye ta. Sa sakata biyu, sama da ƙasa, da kwaɗo mai kyau.

Wuri na uku da ake mantawa shi ne tsakanin kan bango da kwano. Kwano yana da kwari da tudu, kuma kowane tudu ƙofa ce. Muzuru da inyawara gwanayen hawa ne, ta nan suke zurarowa. A cike wurin da siminti ko a naɗe raga a cusa a buga.

In ɗakin ba shi da daɓe, ko kuma ka yi musu fili na shan iska a waje, sai ka yi maganin masu haƙa, irin su kare, dila, tunku da gafiya. Haƙa rami zagaye da shingen, zurfin santimita 30 zuwa 45, ka binne ragar a tsaye. In ƙasar tana da tauri, shimfiɗa ragar a kwance ta waje, faɗin rabin mita, ka haɗa ta da gindin shingen, ka rufe da ƙasa da duwatsu. Dabba a gindin shinge take fara haƙa, da ta ci karo da waya sai ta haƙura, ba ta da dabarar ja da baya ta sake farawa. Saman filin kuma a rufe shi da raga. Tsohuwar komar masunta ma tana yi, tunda shaho da shirwa da hankaka kawai ake son tarewa.

Share kewayen ɗakin fes, mita biyu zuwa uku, babu ciyawa, babu tarkace, babu tulin buhu. Maciji ba ya son ratsa fili tsirara. Sare duk reshen da ya sunkuyo kan rufin.

In ka gama duk wannan, yi gwaji ɗaya kafin kaji su zo. Da dare, sa yaro ya shiga ɗakin da tocila mai haske, a rufe ƙofa, ya bi gindin bango da kusurwoyi da saman bango yana haskawa, kai kana zagayawa ta waje. Duk inda ka ga haske ya tsargo ta inda bai kamata ba, yi masa alama da gawayi, da safe a toshe.

Mataki na 4: Zaɓi irin kazar da inda za ka saya

Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, saboda in ta tara goma sha wani abu sai ta kwanta kwanci. Kajin da aka tsara don ƙwai, irin su ISA Brown da Lohmann Brown, sukan yi 280 zuwa 300 a shekarar farko in sun samu kulawa. Akwai Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar don ta dace da yanayinmu. Akwai kuma Noiler, mai nama da ƙwai, wadda ba ta kai waɗancan yawan ƙwai ba amma ta fi su juriya, tana kuma iya kiwo a tsakar gida. Mai neman kasuwar ƙwai zalla, jajayen nan na farko zai nema. Mai son na ci a gida da ɗan na sayarwa, Noiler ta fi masa sauƙi.

Ba ka bukatar zakara. Kaza tana yin ƙwai ko babu shi, sai in ƙyanƙyasa kake nufi.

Hanya biyu ce. Ko ka sayi 'yan kwana ɗaya ka yi raino da kanka, ko ka sayi sagara mai mako 14 zuwa 16 wadda ta kusa farawa. Ta biyu ta fi tsada amma ta raba ka da wahalar raino. Haɗarinta shi ne ba ka san yadda aka rene ta ba. Kada ka saya a bakin titi ko kasuwar kaji. Je gonar da kanka, ka nemi takardar rigakafin da aka yi musu, ka ɗaga kaji goma daga kusurwoyi daban-daban ka ji nauyinsu. In wasu manya wasu ƙanana kamar ba sa'o'in juna ba, ka bar su. Akwai kuma masu haɗa tsofaffin kajin da suka gama ƙwai a ciki. Ƙafar sagara sumul take, rawaya shar, ta tsohuwa kuwa ta koɗe ta yi kaushi.

'Yan tsaki da yawa da ake sayarwa a Arewa daga Ibadan ake ɗauko su a mota, su kwana a hanya. Yi oda ta hannun dillalin da wasu masu kiwo suka shaida, ka karɓa da sassafe, ka buɗe kwalin a gabansa. Tsako mai lafiya idonsa tar, cibiyarsa a bushe, yana tsaye da ƙafarsa.

Mataki na 5: Raino, makonni huɗu na farko

Kwana ɗaya kafin su iso, zagaye wani ɓangare na ɗakin da kwali ko silin mai lanƙwasuwa, tsayin gwiwa, a yi shi da'ira. Kada ya zama mai kusurwa, domin in suka tsorata ko suka ji sanyi a kusurwa suke cunkushewa su danne juna. Rufe ragar da buhu ko leda amma ka bar sarari ta sama. Shimfiɗa takarda a kan dusar katakon na kwana uku zuwa huɗu. Hura gawayi a tukunyar ƙasa ko kasko tun a waje, sai hayaƙin ya ƙare ya zama garwashi sannan ka shigar, ka ɗora shi kan bulo ka kewaye da raga. Gawayi a ɗakin da aka toshe ruf yana kashe tsaki, yana iya kashe mai kwana da su ma.

Makon farko suna son zafi digiri 32 zuwa 35 a inda suke, sai a riƙa rage kamar digiri uku kowane mako. In ba ka da ma'aunin zafi, su za su gaya maka. In sun taru a jikin tukunya suna ta tsiwa, sanyi suke ji. In sun gudu gefe sun buɗe baki, zafi ya yi yawa. In sun taru gefe guda, iska ce ke shigowa ta wani wuri. In sun bazu suna ci suna sha, wasu sun miƙe ƙafa suna barci, ka samu daidai. Da bazara wuta da dare kawai za ka sa, wani lokaci ma mako ɗaya ya isa. Da hunturu kuwa har mako huɗu ko biyar.

Da sun iso, ruwa ake fara ba su, da gulukos da bitamin a ciki, bayan awa ɗaya ko biyu a sa abinci. Kama kaɗan daga cikinsu ka tsoma bakinsu a ruwan, sauran za su kwaikwaya. Da dare taɓa maƙoƙon guda goma. In ka ji ya cika da abu mai laushi, sun ci sun sha.

A wannan lokacin manyan maƙiyansu ɓera, jaɓa, kyanwar gida da kwarkwasa ne. Kyanwar da ka ajiye don ɓera ba ta bambance ɓera da tsako. Kwarkwasa kuwa da damina cikin dare take zuwa rundunarta guda, ta iya gamawa da kwali ɗaya kafin asuba. Zagaye ɗakin da toka, ka sabunta bayan kowane ruwa. In a keji mai ƙafa suke, sa kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai.

Mataki na 6: Abinci da rigakafi

Abincin kashi uku ne. Na 'yan tsaki daga rana ta farko zuwa mako 8. Na masu tasowa daga mako 9 zuwa wajen mako 17 ko 18. Sannan na masu ƙwai, wanda yake da sinadarin kalsiyam mai yawa don ɓawo ya yi ƙarfi. Kada ka ba ƙananan kaji na masu ƙwai don ka ga ya fi araha, yana lalata musu ƙoda. In za ka sauya, yi shi cikin kwana biyar zuwa bakwai kana gaurayawa. Ƙara dusa a abincin kamfani don ya yi auki dabara ce da ke komawa kan mai ita, kwana kaɗan ƙwai zai ragu. Shinshina kowane buhu kafin ka biya. Wanda ya dunƙule ko yake warin rima, bar musu kayansu.

Ma'ajin abinci a ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, ko a juye a durom mai murfi. Rataye mazubin abinci daidai tsayin bayan kaza, ɗaya ga kaji 20 zuwa 25, haka ma mazubin ruwa. Abincin da ya zube ya kwana shi ke kiran ɓera.

Rigakafi ba a wasa da shi. Na cutar Marek a gidan ƙyanƙyasa ake yi ranar farko. Na cutar Gumboro sau biyu, a mako na biyu da kuma bayan kwana goma zuwa sha huɗu. Lasota, na cutar Niyukasil mai murɗe wuyan kaza, sau biyu cikin wata na farko, sannan a riƙa maimaitawa har ƙarshen kiwo. Na ƙurajen zanko da fuska wajen mako 6 zuwa 8, a fiffike ake tsira shi. Ranakun suna ɗan bambanta gwargwadon gidan ƙyanƙyasa da cututtukan yankinku, don haka likitan dabbobi ya rubuta maka jadawali ka manna a ƙofa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin da yawa daga cikin waɗannan. Ko na ina ka saya, ɗauko shi a cikin kula mai ƙanƙara. Rigakafin da ya sha rana a aljihu ya mutu. In na sha ne, janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu, haɗa shi da ruwan rijiya mai sanyi wanda babu kulorin, da ɗan garin madara, su shanye cikin awa ɗaya, da sassafe.

Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gona a jihar Kaduna, ba ta da magani. Ragar nan mai ƙaramin ido tana taimakawa a nan ma, tunda tana hana tsuntsayen daji shiga su ci su yi kashi a abinci. Ajiye takalmi na ɗakin kaji shi kaɗai, da kwanon tsoma ƙafa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa. Mai sayen ƙwai da dillalin kaji su tsaya a waje, ko surukinka ne. In ka ga kaji suna faɗuwa da yawa rana ɗaya, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, kira ofishin likitan dabbobi, kada ka yanka ka kai kasuwa.

Mataki na 7: In sun fara ƙwai

Tun mako na 16 ka sa musu akwatunan ƙwai, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, santimita 30 kowane gefe, a ɓangaren da ya fi duhu, da dusar katako a ciki. In ka makara, za su saba yi a ƙasa, ƙwan ya ƙazantu, su fara fasawa suna sha, kuma kazar da ta koyi shan ƙwai da wuya ta daina.

Kaza tana son haske awa 16 a rana don ta riƙe ƙwai, ranarmu kuwa wajen awa 12 ce. Ƙwan fitila na sola guda biyu sun ishi ɗakin kaji 100. Fara ƙarawa daga mako na 17 ko 18, rabin awa zuwa awa ɗaya kowane mako, har a kai. Kada a bar wuta har gari ya waye, yana sa su tsattsagar juna.

Kwashe ƙwai sau uku: hantsi, azahar, la'asar. Kada ko ɗaya ya kwana a akwati.

Daga Maris zuwa Mayu zafi ke kashe kaji fiye da cuta. Ba su abinci da asuba da kuma bayan la'asar, a ɗauke da tsakar rana. Ruwa daga randa, a sauya sau uku, in da ƙanƙara a jefa. Da hunturu rufe ɓangaren arewa maso gabas da buhu da dare, a yaye da hantsi.

Mataki na 8: Gane wanda ya yi ɓarna

Ƙirga kajinka kowace yamma in sun kwanta. Wanda ba ya ƙirgawa sai an ɗebe masa goma kafin ya farga. In ka wayi gari da asara, kada ka yi saurin kwashe gawar, tsaya ka duba, domin kowane maɓarnaci da irin aikinsa.

Tsako ya ɓace da rana a fili, babu jini, sai kaji da suka ruga suka laɓe: shirwa ce ko shaho. Shaho in ya kama babba yakan fige ta a wurin, ka tarar da tulin gashi. Kaza ɗaya da dare, an ci ƙirji da wuya, an ja ragowar wani lungu: muzuru. Kaji da yawa a mace, cizo a wuya ko an cire kai, ba a ci naman kirki ba: tunku ko inyawara. Gawarwaki a warwatse, an yayyaga, raga a ɓalle, ba a ci ba: kare, kuma sau da yawa na maƙwabta ne. 'Yan tsaki da aka gwaigwaye ƙafa ko aka ja zuwa bakin rami: ɓera. Ƙwai a huje an shanye: hankaka ko ɓera. Ƙwai na raguwa babu ko ɓawo, kaji suna ƙin shiga wani akwati: maciji, ko damo da guza in kana kusa da fadama. Kaza a mace kanta da wuyanta jiƙe da yawu: maciji ne ya gwada haɗiye ta ya kasa.

In ba ka gane ba, tankaɗe toka ko lallausan yashi zagaye da ɗakin da magariba, faɗin taku ɗaya, ka share shi sumul da tsintsiya. Da asuba kafin kowa ya taka, je ka karanta. Sawun muzuru zagayayye ne babu farce, na kare da farce, ɓera yana barin layin jela a tsakanin sawu, maciji kuwa shara ce mai lanƙwasa. Bi sawun, zai kai ka ƙofar da ya shiga. Toshe ta ranar nan, domin wanda ya ci sau ɗaya zai dawo gobe.

Game da maciji, mutane suna zuba baƙin mai, kananzir, tafarnuwa, wasu su shuka wasu tsirrai. Ni dai ban ɗora kajina a kan waɗannan ba. Abin da ke kawo shi ɓera ne da ƙwai, abin da ke hana shi raga ce da fili mai tsafta. Kada ka taɓa zura hannu a akwatin ƙwai ba ka leƙa ba, kada ka aiki ƙaramin yaro kwasar ƙwai da duhu. Gamsheƙa tana tsarto dafi a ido daga nesa. In ta samu mutum, a wanke idon da ruwa mai yawa na tsawon lokaci a tafi asibiti. In sara ne, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, a hana wurin motsi a garzaya inda ake da allurar dafi. Mutanen yankin Gombe sun san asibitin masu saran maciji na Kaltungo.

Ɓera kuma tarko ya fi. Shinkafar ɓera a ɗakin kaji ganganci ne: ko kaza ta ci, ko ta tsattsagi mushen ɓeran. In dole sai an sa guba, a sa ta a cikin guntun bututun roba a wajen ɗaki, jikin bango, inda kaza da yaro ba sa kaiwa, a kwashe mushen da safe a binne. Wasu suna ajiye zabi don su yi ƙara in sun ga baƙo. Suna yi kam, amma haɗa su da kajin ƙwai hanyar cuta ce, su zauna can nesa. Karen da aka rena tare da kaji tun yana ɗan kwikwiyo yana amfani a gona, a sake shi da dare a wajen shinge.

Wani abu kuma, ba sai dabba ta shiga ɗaki take kisa ba. Muzuru ya hau kwano kawai, ko mujiya ta sauka jikin raga, kaji su firgita su tattaru a kusurwa, na ƙasa su mutu. Jingina katako a kusurwoyin don su daina zama lungu, ka bar 'yar fitila mara ƙarfi a waje. In ka ji hayaniya da dare, tashi ka je ka warwatsa su.

Saura mai ƙafa biyu. In kwaɗo lafiya, raga lafiya, toka babu sawu sai na silifa, kaji kuma suna raguwa bibbiyu, to ba daga daji ba ne. Riƙe littafi: kaji nawa, ƙwai nawa, buhu nawa aka buɗe, kowace rana. Mabuɗi ya zauna hannun mutum ɗaya. Duk kazar da aka ce ta mutu, a nuna maka gawarta kafin a binne.

Mataki na 9: Kasuwa da ƙarshen zango

Nemi masu saye tun kafin ƙwan farko: mai shayi, mai shago, gidan burodi, masu yin kek. Jera ƙwai a kiret tsinin yana ƙasa, a wuri mai sanyi, kada ka wanke shi, ka fitar da shi cikin mako ɗaya, da zafi ma ƙasa da haka. In ka ba kaji maganin ƙwayoyin cuta, karanta takardarsa ka ga kwanakin da ba a cin ƙwan, ka kiyaye. Bashin ƙwai kuwa, yi hattara da shi, mai abincin kaji ba ya jiran sai an biya ka.

Kashin kajin ma kuɗi ne, masu lambu da noman rani suna saye buhu-buhu.

Lokaci-lokaci tace marasa yi. Kama kaza ka sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta. Mai ƙwai yatsu biyu zuwa uku za su shiga, zankonta ja ne mai laushi. Wadda yatsa ɗaya ne ke shiga, zanko ya ƙanƙance ya koɗe, ci kawai take yi, a sayar da ita. Wajen mako 72 zuwa 80 ƙwai yakan ragu har kuɗinsa ya kusa daidai da na abinci. Daidaita lokacin ya faɗo gab da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da tsofaffin kaji ke daraja. In an kwashe su, a fitar da shimfiɗar duka, a wanke, a feshe, a shafa farar ƙasa, a bar ɗakin mako biyu zuwa uku babu kaza. A cikin makonnin nan ne za ka sake bin ragar taku-taku kana dannawa da hannu don gano inda tsatsa ta ci, ka duba ƙasan ƙofa, ka sake sa yaro ya shiga da tocila kafin sababbi su iso.